Tsohuwar Bakin Karofi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara taka garin su maigidana ba, ko na so in manta ma danginsa ba za su bar ni ba. Lokacin ba a ɗaura mana aure ba, an dai kai gaisuwa, ana maganar sa rana. Ƙanwarsa Hindatu, wadda muka yi kwalejin ilimi tare, ita ake wa biki a ƙauyensu can gefen Shanono, ni kuma na je a matsayin ƙawar amarya. (A baki ke nan. Kowa ya san an kawo ni ne a gan ni.) Kafin in tafi sai da Ummana ta zaunar da ni ta ce in rage surutu, in durƙusa har ƙasa, kada in kalli babba cikin ido. Na ce, "Haba Umma, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya?"

To a wannan lokacin akwai wani littafi da ya ɗauke mana hankali a guruf ɗinmu na masu karatu na waya, wanda Hindatu ma take ciki. Labarin soyayya ne na zamanin da, tun kafin zuwan Turawa. Wata yarinya ce Ige, 'yar wani marini, da saurayinta Tunau, bafatake mai zuwa Gwanja sayo goro. Ya tafi da alkawarin zai dawo ya aure ta, bai dawo ba. Ita kuma ta ƙi kowa. Kullum tana bakin karofin babanta, ramukan rinin nan, tana taya shi wanke zare tana kallon hanya, har hannuwanta suka rine da ruwan baba na rini, har ta tsufa. A shafin ƙarshe aka neme ta aka rasa, sai zanenta na saƙi aka tarar a bakin rami. Marubuciyar ta ce ba ƙirƙira ba ce zalla, wai an yi abin a wani gari da ya tashi, a arewacin Kano.

'Yan guruf suka sha kuka. Wata ta ce ta kasa cin abinci, wata ta ce yanzu an daina irin wannan son. Ni kuwa haushi ne ya ishe ni. A ganina Ige wawuya ce kawai. Kuma ni ba na rubuta ra'ayina, saƙon murya nake yi, mai tsawo, har sun sa mini suna Malama Mai Sharhi. (Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.) Na gama littafin a mota a hanyar zuwa bikin, sharhina ya taru a maƙogwarona, ga shi garin babu sabis.

Ranar wuni, da rana ta take, gida ya cika ya batse, na ja Hindatu gefe na tambaye ta inda suke samun sabis. Ta ce sai dai a kan tudun kufai, bayan gari, amma in bari sai la'asar a raka ni.

"Ba a zuwa wajen da tsakar rana," in ji ta.

"Saboda me?"

"Haka dai muka taso muka ji."

Na yi dariya na ce mata ita da ta yi boko har yanzu tana nan a jiya. Da hankalinta ya koma kan masu yi mata kwalliya, na ɗauki mayafina na sulale.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta fi ni nesa ba kusa ba. Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin gonaki, ganye na shafar fuskata hagu da dama. Da farko ina jin kiɗan gidan biki a bayana. Can sai ya yanke ɗif, kamar an toshe mini kunne. (Daga baya na ji janareto ne man ya ƙare, amma wa zai gaya mini a lokacin?) Babu kukan tsuntsu, babu iska. Takun takalmina kaɗai nake ji, shi ma sai ya riƙa yi mini kamar na mutum biyu.

Na fito wani fili a kan tudu. Babu gida ko ɗaya, sai gutsattsarin tukwane a ƙasa, da wata ƙatuwar tsamiya da ta rufe wajen da inuwa mai sanyi, irin sanyin da ba ya yi wa jiki daɗi. A gindinta na ga wasu ramuka zagayayyu a jere, bakinsu daɓe, ciyawa ta cinye wasu, wasu kuma da baƙin ruwa kwance a ciki, ko motsi ba ya yi. Na tsaya ina kallonsu. Karofi ne. Tsohuwar marina ce.

Na ɗan ja da baya, amma daidai nan wayata ta fara ƙara, saƙonni na shigowa. Na duba, na ga ana ta tambaya, "Ina Malama Mai Sharhi? Ra'ayinki muke jira." Shi ke nan, kaina ya kumbura. Na danna wajen ɗaukar murya na kulle shi don kada yatsana ya gaji, na gyara tsayuwa na fara.

Na ce Ige ba masoyiya ba ce, marar lissafi ce. Na ce Tunau yana can Gwanja ya yi aurensa ya tara iyali, ita tana nan tana rina hannu. Na ce da ni ce ƙawarta da na kwaɗa mata mari ta farka. Har na ƙara da cewa, "Ni faɗawarta ramin nan ma bai ba ni tausayi ba, ta hutar da mutane."

"Ba faɗawa ta yi ba."

Muryar daga bayana ta fito, a hankali, a dishe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ban juya nan take ba. Na tsaya ina gaya wa kaina cewa kunnena ne. Sai na ji ganyen dawa yana motsi, alhali babu iska.

Na waiwaya. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin ramin ƙarshe, 'yar ƙarama, a rankwafe. Ban ji zuwanta ba. Ta ɗaura baƙin zanen saƙi, irin wanda rabon da in gan shi tun a adakar kakata. Ƙafarta babu takalmi. Ta riƙe ƙwarya a ƙugu, hannuwanta kuwa tun daga yatsu har wuyan hannu baƙi ne wuluk, mai ɗaukar ido.

Na so in yi sallama, abin da ya fito shi ne, "Na'am?"

"Na ce ba faɗawa ta yi ba. Kuma shi ma bai yi aure a Gwanja ba. A hanya ya rasu, wajen ƙetare ruwa. Ke da ba ki nan, me ya sa kike yanke wa mutane hukunci?"

Ta tako ɗaya zuwa wajena. Idonta ɗaya ya yi fari, ɗayan kuma yana kaina ƙyam.

"Ke ce Malama Mai Sharhi ko?" ta ce. "Na san muryarki. Kullum ina jin ki. Duk abin da kika faɗa a kaina yake sauka." Ta ɗaga baƙin hannun nan ta dafa kanta. "Na daɗe ina jiran ki zo."

Jama'a, ina da shaidar koyarwa. Na sha tsayawa gaban aji ina cewa camfi jahilci ne. Amma a ranar ban san lokacin da na ƙwalla ƙara ba. Na watsar da jaka, na bar takalmi ɗaya a nan, na faɗa cikin dawa ba tare da na nemi hanya ba. Ina gudu ina karanto Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma addu'ar shiga kasuwa, daga nan na zarce ta cin abinci. A bayana ina jin muryar tana kira, "Tsaya mana, 'yar nan! Kada ki bi nan!" Kiran nan shi ya ƙara mini mai.

Haka na faɗo gidan biki ta ƙofar baya, ba mayafi, ɗankwali a wuya, leshina duk ƙarangiya. Na zube a tsakar gida gaban manyan mata, a cikinsu har da mahaifiyar wanda zan aura, ina haki ina nuna bayan gari.

"Aljana! Ige ce! Ta fito daga rami! Wallahi ta san sunana!"

Gida ya hargitse. Wata ta yayyafa mini ruwa, wata ta kama kaina tana tofi, wata ta ce a kawo garwashi da habbatus sauda. Surukata ta riƙe hannuna tana cewa, "Sannu 'yata, sannu, yaya kamanninta?" Ni kuma na buɗe baki na zayyana: gajera, mummuna, ido ɗaya, hannu kamar na gawa. Ina cikin faɗa na ga matan sun fara kallon juna. Mai tofi ta daina tofi.

Sai ga sallama daga zaure. Tsohuwar ta shigo a hankali, ƙwarya cike da ganyen yakuwa a ka, jakata a hannu ɗaya, takalmina a ɗayan. Na sake ƙwalla ƙara na ɓuya a bayan surukata.

Surukata ta miƙe ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta ce, "Sannu da zuwa, Inna."

Inna Dije ce. Kakar maigidana, wadda ta haifi babansa. Ita ce wadda aka ce da yamma za a kai ni in gaishe ta, kuma ita ce ba a yanke komai a gidan sai ta ce to. Baƙin hannu ƙunshin biki ne. Zanen saƙi na aurenta ne, ba ta fito da shi sai ana sha'ani. Ta je tsinko yakuwa ne don ta ce miyar masu girki ba ta yi tsami ba. Muryata kuwa, ashe Hindatu duk zuwanta gida sai ta karanta mata littafin, ta kuma kunna mata saƙonninmu. Inna ta fi kowa bin labarin, kuma tun tuni ta ce a kawo mata yarinyar nan mai baki ta gan ta.

Ta ajiye takalmina a gabana ta ce, "Ga shi, in ji mummuna mai ido ɗaya." Ashe ta ji daga zaure.

Dariyar da aka yi, har wata gwaggo sai da aka riƙe ta. Ni kuwa na durƙusa, goshina kusan a ƙasa, ina so ƙasar ta buɗe. A raina na riga na gama: aure ya tashi, sai in fara tunanin abin da zan gaya wa Umma.

Ban gama da wannan ba Hindatu ta fito daga ɗaki ta tsinci wayata, wadda ashe tun daga tudu take dunƙule a hannuna har na yar da ita a tsakar gida. Garin gudu na danna aikawa. Duk ya tafi guruf: sharhin, muryar Inna, ihun, har da addu'ar cin abinci. Washegari da muka fito titi muka sami sabis, na tarar an canja mini suna zuwa Malama Mai Gudu. Wata ta rubuta cewa a duk sharhin da na taɓa yi, wannan ne kaɗai ya fito daga zuciya.

Da yammar ranar Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. Na shiga, na zauna can bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta yafe, kuma ta amince da auren, wai gidan yana bukatar mai ba su dariya. Na yi godiya. Da na ga ta saki fuska, na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda aka yi ta san ba faɗawa Ige ta yi ba, tunda littafin bai faɗa ba.

"Kakata ta gan ta," ta ce. "A marinar nan da kika tsaya aka yi."

"To ina ta tafi, Inna?"

Ta murza carbinta. "Ba a faɗa," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "Ni dai da na ji kina zaginta, fitowa na yi in katse ki tun kafin ki yi nisa. Don ba ni kaɗai nake sauraron ki a wajen ba."

Na jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Har Allah Ya karɓi ranta, bayan na haifa mata tattaɓa kunne, ban taɓa sanin ko tsokanata take yi ba, kuma ban sake tambaya ba.

Abin da na koya dai shi ne, littafi ko bai yi mini ba, yanzu cewa nake, "Marubuciya ta yi ƙoƙari, Allah Ya jiƙan magabata." In kuwa sharhi ya matsa mini lallai sai na yi, a ɗakina nake yin sa, a rubuce, bayana jingine da bango.