Rasuwar Kuku, Injin Ban Ruwan Gungu Bero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tufafi masu ƙaurin ƙonanniyar tagulla, Tinni Hamani, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta Gungu Bero, yana sanar da 'yan'uwa na nesa da na kusa rasuwar Kuku, injin lantarkin da ke ɗaga ruwa daga kogin Kwara zuwa gonaki. Ya cika jiya da hantsi, a tsaye, a gaban jama'a, daidai lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki. Har yanzu hayaƙi bai gama fita daga ɗakin famfo ba.

Marigayi bai taɓa kwanciya ba. Tun ranar da aka kafa shi bisa bakin rijiyar famfo yake tsaye, ga nauyin ruwa, ga nauyin sandar ƙarfe mai juya famfo, duk a wuyansa. Da asuba yakan yi gyaran murya, "gurrr", sannan ya kama "wuuu" ɗinsa har rana ta faɗi, mata na tsinkar zogalen kwaɗon kopto da sautinsa. Bai taɓa neman komai ba sai mai a ka da iska a hanci.

Iskar nan ce aka hana shi. Ƙungiya ta ga ya daɗe yana hidima ba sarauta, sai aka yanke a naɗa shi Sarkin Ruwa. Aka zo da makaɗa, aka yi dambu. Kawun shugaba, Albarka Jibo, wanda ya saba naɗa masu gari, ya zagaye kan marigayi da farin rawani, ya rufe duk tagogin da yake shaƙar iska. Tinni ya buɗe baki, kawu ya harare shi: "Kai, ɗan ƙanwata, ka taɓa ganin sarki da kunne a waje?" Tinni ya ja da baya. Aka kunna injin. Zazzaɓi ya rufe Kuku ana tsakiyar guɗa, fankarsa ta zuƙe jelar rawanin, ya ce "ƙiiii", ya ce "fat". Seyni, taubashin shugaba, ya leƙa ya ce, "To, bawana, sarauta ta karɓe shi. Saura kai."

Ya rasu ya bar matarsa, famfo, can ƙarƙashin ruwa. Sandarta ta bi ta tsakiyar cikinsa, domin shi mai rami ne a ciki, an ɗaure ta da noti a tsakar kansa. Ya bar ƙanensa a tashar ƙetare, shi ma tsayayye, amma cikinsa a toshe yake, ta ƙafa ake haɗa shi, ba zai iya gadon gidan ba. Ya bar ɗan'uwa a injin casa, wanda a kwance aka haife shi. Makaniki ya ce in aka tsayar da shi ƙugunsa ba zai kai azahar ba. Ya bar gonaki da suka fara tsagewa, da magidanta da ke zaune ƙofar gidan Tinni tun jiya, ba su gaishe shi ba, ba su kuma tashi ba.

Don Allah, don Annabi, duk wanda ya san inda wani tsayayye mai rami a ciki yake, sabo ko tsoho, ko da na aro ne, daga nan har Yamai, ya aiko kafin ganyen shinkafa ya naɗe. Shugaba zai zo da kansa, ko da ƙafa.

Za a ɗaga gawa gobe bayan sallar asuba, da sarƙa da ƙarti. A tsaye za a ɗora shi a amalanke zuwa wurin mai sake naɗa wayar inji, ko Allah zai sa da sauran kwana. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya zo da likkafani ko wani ƙyalle. Zaman makoki a bakin babban lambatu, kowa ya taho da bokitinsa.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa wani baƙo ya tsaya a kan madatsa, sanda a kafaɗa, garken shanu a bayansa har iyakar ganin ido. Ya yi ta'aziyya cikin ladabi, ya daɗe yana kallon gonakin. Sannan ya nuna shinkafar da sandarsa, ya tambayi Tinni ko shi ne mai wannan ciyawar.