Gidan Kawun Tanimu

Malam Hashimu, tsohon malamin firamare a Funtuwa, ya gaji da gidansa. Duk damina sai an jera kwanuka bakwai a ɗaka ana tarar yoyo, ga injin markaɗen maƙwabci da ke fara ihu tun ba a sallame asuba ba. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya rantse daminar bana ba za ta same shi a ciki ba. Ya ba wani dillali gidan don ya sayar masa a kan miliyan takwas, shi kuma ya shiga neman wani. Wata biyu yana bin dillalai cikin rana. Wannan ya nuna masa kango ya ce saura fenti kawai, wancan ya kai shi bakin kududdufi ya ce unguwar akwai iska, kuma kowa sai an ba shi na mai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin Malam ya tashi ƙwarai.

To, kun dai san dillalan gida. Gida ɗaya sai ya bi hannun mutum shida, kowa ya ɗora nasa a kai, kuma ba abin da suka tsana kamar mai saye ya ga fuskar mai gida. Na shidan bai san ko mai gidan baƙi ne ko fari ba, amma zai rantse tare suka ci tuwo jiya.

Ran nan wani dillali mai suna Tanimu ya ɗauko Malam daga kasuwa a bayan babur, ya ce yau nema ya ƙare. Suka bi ta masallaci, suka karya kwanar mai shayi. Malam ya ga hanya kamar ya san ta. Sai ga babur ya tsaya cak a ƙofar gidan shi Malam ɗin. Uwargida ta tafi suna, ƙofa da kwaɗo.

Tanimu ya daki bango ya ce, "Alhaji, dubi gini! Wallahi ko ɗigo ba ya yi. Unguwa shiru, ba hayaniya."

Daidai nan injin markaɗe ya tashi. Tanimu ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ƙarshen wata zai tashi, an riga an ba shi notis."

Malam ya ce, "Madalla. Na wane ne gidan?"

"Na kawuna ne, yana Abuja. Jiya ma muka yi waya. Miliyan goma sha biyu ya ce, amma don kai zan lallashe shi ya rage ɗari biyu."

"A shiga a gani mana."

"Ai makullin yana wurinsa, Alhaji. Ka dai ba da wani abu a kama, kada a riga ka."

Malam ya sa hannu a aljihu. Tanimu ya washe baki, ya tara hannu biyu. Sai Malam ya zaro makulli, ya buɗe kwaɗon, ya shiga zaure ya jawo tabarmarsa ya zauna.

Da wani ne, da kunya ta kashe shi a wurin. Tanimu kuwa ya ɗan sosa ƙeya, ya gyara hula, ya ce, "Ikon Allah! To ai shi ke nan, Alhaji, mai saye da mai sayarwa sun haɗu ta hannuna. La'adata biyu ke nan."

Malam ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ni dai mai saye na fasa, gidan yoyo yake yi. Ta mai sayarwa kuma, bi kawunka Abuja ka karɓo, ka gaishe min da shi."