Reshen da Nomau Ya Kafa

A garinmu, Rafin Kanya, akwai wani mutum mai suna Nomau. Su uku ne a gidansu: shi, da matarsa Lantana mai ƙuli-ƙuli, da tsohuwarsa wadda ta daɗe da daina mamakinsa. Sai zabi goma sha biyu da akuya ɗaya. Nomau bai iya ƙarya ba, ba ya mantuwa, amma yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari.

Shekarar da Malama Saude ta ajiye aikin koyarwa, ta kafa Ƙungiyar Tattalin Gobe don koya wa mutane riƙon abin hannunsu. Da mata bakwai aka fara, a zauren gidanta. Nomau ya rako Lantana da tabarma, ya zauna a bakin ƙofa, shi ke nan ya zama na takwas.

Wata rana Malama ta ce, "In kun sayar da abu, ku kashe rabin kuɗin, ku bar rabi." Ranar kasuwa Nomau ya sayar da zabi biyu. Da ya dawo ya wasa wuƙa, ya raba kuɗin gida biyu, ya danne kashi ɗaya da ƙafa ya yanka. Lantana ta fito ta ɗora hannu a ka.

"Maigida, me ka yi?"

"Na kashe rabi. Ko shurawa ba su yi ba."

Yini guda ta yi tana liƙa takardun da ƙaro.

Wata rana kuma, lokacin zauren ya yi kaɗan har an koma gindin cediyar ƙofar gidan, maza ma sun fara zuwa, Malama ta ce, "Kuɗin da ba a juya su, ba sa ƙaruwa." Da hantsi Nomau ya shanya nasa a faifai, ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tuyar waina. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, akuya ta zo ta cinye biyu. Ya je wurin Malama ransa a ɓace.

"Malama, na juya su tun safe, raguwa ma suka yi."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce Lantana ta ba shi jari ya riƙa saro mata gyaɗa.

Wata rana aka yi darasi a kan jari. Malama ta ce, "Ku ci riba, amma kada ku taɓa uwar kuɗi." Tun daga ranar Nomau bai ƙara sa mata hannu ba. A ƙoƙo yake ajiye ta, kullum da safe ya durƙusa ya gaishe ta. In ya je kasuwa, da ludayi yake ɗebo ta ya miƙa wa mai gyaɗa. Kasuwa ta yi ta dariya. Amma da shekara ta zagayo, kowa a ƙungiya ya ɗan gutsuri jarinsa, wani don suna, wani don atamfar sallah. Na Nomau kaɗai aka samu cif. Ranar ba wanda ya yi dariya.

Cikin shekara huɗu ƙungiya ta bazu ƙauyuka tara. Matan da da ba su iya rubuta sunansu ba, su ke hawa babur su je su koyar da wasu. Tungar Maje kaɗai ta gagara. A can ne shekarun baya wasu masu jaka suka zo da sunan ƙungiya, suka kwashe kuɗin da mutane suka tara suka ɓace. Sau biyu Malama na zuwa ana korar ta. Ga shi kuwa duk kaka sai su sayar da hatsinsu da araha, damina na faɗuwa yunwa ta kama su.

Wata rana a wurin taro Malama ta ce, "Wa zai je ya kafa mana reshe a Tungar Maje?" Kowa ya sunkuyar da kai. Nomau ya ɗaga hannu. Don kada ta kunyata shi, ta ce, "To, Allah ya taimaka."

Washegari ya sare reshen cediyar ƙofar gidanta, ya saɓa a kafaɗa, ya yi tafiyar awa biyu, ya kafa shi a bakin kasuwar Tungar Maje. Da ya ce na ƙungiya ne, suka hana shi ruwan rijiyarsu. Sai ya riƙa ɗauko ruwa a jarka daga gida yana ba reshen. Kullum, cikin bazara, ranar da ko kare ba ya fita. Kafaɗarsa ta saɓule, faso ya tsattsage masa dugadugai, bai fasa ko sau ɗaya ba.

A mako na uku mai unguwarsu, Baba Cindo, ya tako da sandarsa.

"Kai yaro, nawa za mu biya?"

"Baba, ba ya cin kuɗi. Ruwa yake sha."

"To me ake yi a ƙungiyar taku?"

Nomau ya gyara tsayuwa ya fara karanto darasin farko kalma bayan kalma, da muryar Malama, har da tarin da take yi a tsakiya. Mata suka taru don su yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Abin da shi bai gane ba, su sun gane sarai. Washegari suka dawo ya yi musu na biyu. Darussan shekara huɗu, ba wanda ya ɓace masa.

Bayan wata uku labari ya iso Rafin Kanya, muka ɗunguma da Malama mu gani da idonmu. Mun tarar da rumfar zana, da mutum fiye da sittin zaune tsit, da rumbu sabo da suka gina don kada kaka ta sake raba su da hatsinsu. Baba Cindo da kansa yake zuba wa reshen ruwa da buta. Malama ta tsaya tana kallon reshen.

Nomau ya zo ya durƙusa. "Malama, ki yi haƙuri. Na yi iya ƙoƙarina, amma ganye goma sha ɗaya kawai ya yi."

Ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Nomau, akwai mutanen Dogon Marke. Su ma ba su da reshe."

Ya miƙe ya ɗauki gatarinsa. Lantana ta buɗe baki za ta yi masa bayani, Malama ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale shi," in ji ta. "Ya fi mu sanin aikin."