Yadda Aka Tsare Akwatin Wayifai

Jiya na ƙarar da safiyata a kan bencin ofishin da ke bakin kasuwarmu, ina riƙe da sandar Baba Maigadi, shi kuma ya zuba tagumi. Ban yi laifi ba, shi ma bai yi ba, amma a ofis irin wannan rashin laifi bai taɓa hana mutum zaman benci ba.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Kwanakin baya Mai Girma Mai Almakashi, wanda ba a taɓa ɗaura ƙyalle ya wuce bai yanka ba, ya zo ya ƙaddamar mana da intanet kyauta. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi ta jawabi har rana ta take. Abin da aka taru dominsa kuwa wani ɗan akwati ne mai ƙahoni, bai fi faranti girma ba, shi ke rarraba wayifai. Don a nuna ana kishin dukiyar jama'a, aka ƙera masa kejin ƙarfe a jikin bango, aka danna ƙaton kwaɗo, aka ɗauki maƙwabcina Baba ya zauna a ƙarƙashinsa. Dattijo ne mai iyali, kuma da wannan kujerar ake ɗora tukunya a gidansa.

Ba a jima ba sunan wayifai ya fara canzawa. Da farko sunan Mai Girma ne da laƙabobinsa kaf. Wata safiya duk wanda ya duba wayarsa sai ya ga "Ina famfon da aka yi alkawari". Aka gyara. Aka wayi gari ya koma "Kwata ta toshe yallaɓai". Ranar da ya zama "Ramin titi yana gaisuwa", sai da wani tela a kasuwar ya tsayar da kekensa don dariya.

Mutanen ofis ba su ga abin dariya ba. Suka kafa kwamiti, kwamiti ya zauna ya sha lemo, ya gano cewa tunda akwati yana cikin keji, kuma Baba ne kusa da keji, to Baba ne ke buɗewa. Aka dakatar da shi. Mutumin da wayarsa mai tocila ce, ko saƙo bai iya turawa ba.

Maman yara ce ta warware mini. Tana sayar da yadi ta waya, kuma akwai irin akwatin a shagonta.

"Maigida, ai ba sai an taɓa akwatin ba," in ji ta. "Yana da shafin da ake sarrafa shi daga waya. Duk wanda ya hau wayifai ɗin zai iya buɗe shafin, kalmar sirri ce kawai ke tare shi. Ita kuma iri ɗaya kamfani ke sa wa duka, sai ka saya ka canza. Su ba su canza ba."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Rabin kasuwa sun sani. Tana nan liƙe a gindin akwatin, ana hangowa ta ramin keji."

Ta ce canza suna ma wasa ne. In mugu ya shiga, zai iya karkatar da mutane zuwa shafin bogi, ya kwashe musu bayanai suna murnar kyauta. Daga ranar ta hana ni hawa.

Shi ya sa na raka Baba wurin Yallaɓai Mai Babban Tebur. Da aka ga dama aka shigar da mu, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar gaba kuka kulle, ta baya kuma a buɗe take."

"Kejin ba shi da ƙofar baya," in ji shi. "Da kaina na zagaya na duba."

Na ce kalmar sirri za a canza, aikin da bai kai ɗaura agogo ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"A canza abin da ya zo daga kamfani? Da izinin wa? Kayan hukuma ne, ba a taɓawa sai umarni ya sauko daga sama. Tukuna ma, kai ya aka yi ka san duk wannan?"

 Baba ya taɓa ni a gwiwa ya ce a hankali, "Ɗana, tashi mu tafi kafin su haɗa da kai. Allah na nan." Wallahi raina ya ɓaci, don na san abin da zai je ya tarar a gida.

Ba mu kai ga miƙewa ba sai ga sakatare ya shigo da waya a hannu, yana ta haɗiyar dariya. Suna ya sake canzawa: "Ku mayar da Baba aikinsa". Ga Baba a zaune gaban tebur, hannuwansa a kan cinya, ga mabuɗin keji a aljihun Yallaɓai.

Yallaɓai ya dubi silin, irin kallon manya da ke haifar da tsari. Sannan ya ba da umarni cikin ƙwarewa: a je a zare wayar wutar akwatin. Aka zare. Baba kuma ya koma bakin aiki nan take, tunda bincike ya nuna har yanzu akwai akwatin da za a yi gadinsa.

Yau da safe na wuce na gan shi a ƙarƙashin keji yana murmushi, fitilun akwati a mace, kwaɗo sai ƙyalli yake. An ce ofis na shirin taron murna, domin tun jiya ba wanda ya sake yin kutse. Na taya Baba farin ciki har zuciyata, na kuma jinjina wa masu hikima.

Roƙona ɗaya ne gare ku, jama'a. Rufin asibitin unguwarmu yana yoyo, don Allah kada wanda ya kai musu ƙara. Mun ga yadda suke gyara.