Yadda Jikata Ta Samu Laƙabi

Ranar sunan jikata a Kebbe ciwon ƙafa ya zaunar da ni Tambuwal, sai ɗiyata Hadiza ta ce za ta kira ni da bidiyo in ji suna. Da safe tsohuwar wayata ta nemi afdet. Maigidana ya ce, "Bar ta sai gobe."

Na ce, "Malam, mi ka sani? Wanka wayar za ta yi, in ga jikata tar!"

Na danna. Waya ba ta farfaɗo ba sai la'asar. A bakin mai nono na ji wai sunana aka sa wa jaririyar. Hadiza ba ta faɗin sunan uwarta, dole a nemo laƙabi. Da labarin wayata ya kai Kebbe, ba a sha wahalar nema ba. Yau yarinya shekararta huɗu, ko ni na kira "Afdet!" sai ta amsa.