Yadda Za Ka Saukar wa Tsohonka da Ruwan Sama Cikin Ɗaki

Matso kusa, ɗan'uwa. Ni Sama'ila, direban kumandan, mai mulkin Dogon Dutsi, na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, kafin sabon wata ya tsaya ruwa zai riƙa zubo maka daga sama a cikin ɗaki, ba hadari, ba tsawa, ko da tsakiyar bazara ce. Na gwada, ya yi. Fatar bayana ce shaida.

Mataki na ɗaya: Nemi dalili

Kada ka fara don burge maƙwabta. Burga ba ta jan guga. Ni dalilina tsohona ne. Shekara biyu bayan an sauke tutar Faransa na ɗauko Baba daga Matankari, don gwiwoyinsa sun ƙi noma. Wata safiya ya tsuguna a kan dutsen wanka a makewayi, ya ɗaga ƙwarya, santsi ya kwashe shi. Sai muka ji tim! Ya hana kowa shiga, har sai da ya rarrafo da kansa.

Daga ranar ya daina wanka. Na ce to ya bari in riƙa cuɗa shi.

"Direba," in ji shi, don haka yake kirana, "wanka guda za ka yi mini a duniya, kuma ban shirya mishi ba."

Kwana goma sha ɗaya bai taɓa sabulu ba. Mutumin da ba ya fita sai da turare ya daina zama cikin tsofaffin unguwa, ya koma ƙuryar ɗaki, ya daina magana. In naka tsohon ya kai nan, ka sami dalili.

Mataki na biyu: Leƙa gidan manya

Ilimi a bayan gidan manya yake. Ran nan na shigar da akwatin kumandan gidan da Nasara ya bari, na ga wani ɗaki wayam. Siminti ƙasa, siminti bango, ɗan rami a lungu, bututu a sama da kai mai huji-huji. Ba dutse, ba ƙwarya, ba tsugunno. Kuku ya ce sunansa dush. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a bango, ya ce in murɗa.

Na murɗa. Kai in ka je, ka fara tuɓe kakin gwamnati da hula. Ni a jiƙe na kai kumandan Tibiri.

Mataki na uku: Ɗauko magini

Zaɓi wanda bai taɓa ganin abin ba. Kada ka damu, ba zai faɗa maka ba, don maginin da zai ce bai sani ba, ba a haife shi ba tukuna. Nawa Sha'ibu ne, ya ce ya gina irinsa uku a Kumasi. Na ce masa rariya biyu nake so, ɗaya a sama ta zubo da ruwa, ɗaya a ƙasa ta fitar da shi.

Ya dube ni da tausayi. "Rariya a sama? Sama'ila, mi ka sha? Ruwa gangara shika yi, ba shi hawa."

"Na Kumasi fa?"

"Wannan wani iri ne."

Mataki na huɗu: Gangara

Nan ne duk hikimar take, ka buɗe kunne. Dole daɓen ya sunkuya wajen ramin lungu. Kafin siminti ya bushe, ajiye goriba a bakin ƙofa ka ga inda za ta mirgina. Na kawo goribata, Sha'ibu ya ce idonsa ya fi ta, ya karɓa ya gwaigwaye ta.

Bayan kwana uku muka sheƙa bokiti guda don gwaji. Ruwan ya dubi ramin, ya juya masa baya, ya fita ta ƙofa, ya ratsa tsakar gida kamar an aike shi, ya shige murhu. Wuta ta ce cuu a ƙarƙashin tukunyar tuwo. Matata Zalihatu na tsaye da muciya a hannu.

"Maigida, su Nasaran ma a madafa suke wanka?"

Kada ka amsa. Ɗauki diga ka fasa, a sake. A karo na biyu ka riƙe goribarka da kyau. Ka kuma karce daɓen da tsintsiya tun yana ɗanye, don simintin da ya yi sumul ya fi dutsen wanka mugunta. Shafe bango da siminti har ya wuce tsayin kai, in ba haka ba ginin ƙasa zai zama kunu. Kafa sanda mai ƙarfi a gefe, wadda tsoho zai dafa.

Mataki na biyar: Tano

Tano ita ce gangar ƙarfen nan ta man mota. Kada ka ɗora ta kan rufin ƙasa, sai in kana son wanka da jana'iza a rana guda. Kafa mata azarar giginya huɗu a bayan ɗakin. Ƙona cikinta, ka wanke da toka har warin mai ya fita. Haɗa tiyo, sa ɗan famfo, ka huhhuda gwangwanin tumatir da ƙusa ka ɗaura a baki. Ga rariyar sama ta samu. Sha'ibu ya ce daidai irin ta Kumasi.

A nan matarka za ta tambaye ka, "To wa zai riƙa hawa da ruwa can sama?" Kai ka san rijiyar Dutsi, sai igiya ta ƙare kafin guga ta ji sanyi. Ka ce, "Za a duba." Haka muke cewa a ofis, kuma ba a taɓa kama kowa ba.

Mataki na shida: Gwada da jikinka, amma ba da azahar ba

Masana sun ce tano baƙa in ta wuni cikin ranar Arewa, abin da ke cikinta ya tashi daga ruwa. Ni ne masanan. Na shiga da azahar, na rataye kaya, na yi bisimilla, na murɗa.

Ban san na iya ihu da Zabarmanci ba sai ranar. Na yi waje da buhun siminti a ƙugu, na yi kiciɓis da maƙwabciyarmu Lantana, ta zo aron taɓarya. Ta yar da taɓaryar, ta yi salati, ta fita da baya. Sai na ji wani sauti daga ɗakin Baba, wanda na yi mako uku ban ji ba. Dariya yake yi har da tari.

"Direba! Figar ka za a yi? Zalihatu, kawo yaji!"

Lulluɓe tano da zana. Wanka da hantsi.

Mataki na bakwai: Kada ka roƙi tsoho

Na roƙa. Ya ce shi ba ya shiga ɗakin Nasara, ni da na gina ma ga yadda na ƙare. Na kawo dalilai, ya juya wa bango fuska. A nan sai ka yi shiru ka bar wa matarka.

Zalihatu ta kai kujerarsa ta girke ta daidai ƙarƙashin gwangwanin. Ta ajiye sabulun salo da soso, ta rataye masa farar rigarsa wankakkiya a ƙusa. Sannan ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ɗaga murya: "Baba, za mu barkar haihuwa, sai azahar. Ba kowa a gidan." Muka buga ƙyauren gida da ƙarfi, muka laɓe a zaure.

Shiru. Ƙafata ta yi tsami. Can sai muka ji sanda, ƙwas, ƙwas, tana ratsa tsakar gida. Ƙofa ta rufe. Shiru kuma, har na fara tashi, Zalihatu ta riƙe mini riga. Sai ga ƙarar ruwa a kan siminti.

Sai ga murya. Waƙar gayya ce yake yi, irin wadda yake ja wa manoma a gonar Matankari tun ina goye, yana bayarwa yana amsa wa kansa. Na duba, Zalihatu na share ido da bakin zane. Ni kuwa ƙura ce ta shiga nawa.

Sai da ya ƙarar da tano kaf. Ya fito cikin farar riga yana ƙyalli, ya iske mu a zaure, bai tambayi lafiyar mai jego ba.

"Yayyafi ne mai kyau," in ji shi. "Irin na shuka." Ya wuce gindin itacen bedi wurin tsofaffi.

Mataki na takwas: Babu shi, amma zai same ka

Baba ya shaida wa duniya cewa ɗansa ya kulle damina a ɗaki. Ran kasuwa sai ga abokansa biyu daga Matankari a kan jakuna, kowa da gwiwarsa. Mako na gaba su huɗu, har da wani daga Sukukutane da ba wanda ya sani, ya ce shi ma ya ji labari. Baba ke zaune bakin ƙofa yana tsara layi, yana koya musu murɗa famfo, yana ce musu shi ya ba Sha'ibu shawarar gangara. Ni ke hawa tsani da tulu kafin in tafi aiki. Wankana kuwa, na koma ƙwarya a bayan rumbu.

Sanarwa

Ni Sama'ila na wanke hannuna, da ɗan ruwan da aka rage mini. In bangonka ya zauna, in tuwonka ya jiƙe, in maƙwabciya ta daina gaishe ka, in tsofaffin Arewa sun yi sansani a zaurenka, kada ka zo ofishin kumandan nemana. Ka ji, ka gani, kai ka ɗauki diga. In kuwa lalle sai ka kawo ƙara, ka same ni a gida da hantsi, ka zo da tulunka cike. Ina kan tsani, sai ka miƙo.