Cokali Biyu na Nomau

A ƙauyen Unguwar Makera akwai wata tsohuwa mai sayar da nono, Goggo Delu, da jikanta Nomau, ɗan shekara goma sha shida, siriri kamar kara. Duk abin da aka faɗa wa Nomau, haka yake ɗaukarsa. Samarin garin sun shiga yayin tara ƙwanji a wurin wani Sagiru, kullum suna yi wa Nomau dariya. Ya rantse sai ya zama ƙato.

Wata rana ya tambayi Sagiru sirrin, Sagiru ya ce ya riƙa ɗaga ƙarfe. Nomau ya bi gari yana ɗaga duk ƙarfen da ya gani, garma, tukunya, ƙyauren shago. Da ya ga keken Malam Jatau, sai ya ɗaga shi sama alhali Malam na kai. Ya sha zagi, bai karaya ba.

Wata rana Sagiru ya ce masa namiji sai da buɗaɗɗen ƙirji. Nomau ya cire maɓallan rigunansa duka, ana tsakiyar damina. Kwana huɗu yana kwance da mura.

Wata rana ya ji samari suna zancen tsokar ciki, suna cewa cikin ƙato gida shida yake yi. Ya shiga gida shida ya ci tuwo. A na shidan sai ɗauko shi aka yi a baro.

Wata rana wani baƙo ya zo cin kasuwa da garin ƙara ƙwanji a gwangwani. Samari suka yi rububi, Nomau ma ya saya. Mutumin ya ce, "Ka zuba cokali biyu a nono, ka sha kowace safiya."

Nomau bai yi fashi ba. Kullum sai ya jefa cokulan Goggo biyu a ƙwaryar nono, ya shanye, ya tsamo su.

Bayan wata guda fuskokin samari suka kumbura, Sagiru ya kasa fitsari, aka kwashe su bakwai zuwa asibiti. Likita ya nemi ganin abin da suka sha, amma duk sun shanye sun yar da gwangwanayen, baƙon kuma ya ɓace. Goggo ta ja Nomau zuwa asibitin tana kuka, ta ce shi ma a duba shi. Aka duba, lafiyarsa ƙalau, har ya yi kumatu.

Likita ya ce, "Ina naka garin?"

Nomau ya ciro gwangwani daga aljihu, a rufe yadda ya saye shi. "Ai ba a ce in buɗe ba, ranka ya daɗe."

Da gwangwanin nan aka gano abin da ke cikin garin, aka yi wa yaran magani suka tashi. Likita ya ce wa Nomau ya ci gaba da yadda yake yi. A hanyar gida Nomau ya ce wa Goggo daga gobe cokali uku zai riƙa sakawa.